Zagaye Shida Cikin Minti Sha Biyu

Litinin, 7:15 na safe

Takardar ta zo tun Alhamis, sai yau na buɗe ta. Oga ne ya sa hannu. Asabar ta biyar daga yau zan yi gwajin gudu, kamar kowane ɗan kwana-kwana da ya daɗe ba ya bakin aiki: zagaye shida na filin horarwa cikin minti sha biyu. In na ci, in koma kan mota. In na faɗi, a ba ni tebur a ɗakin waya, in riƙa ɗaukar kira ina rubuta adireshi har ranar da zan yi ritaya.

Minti sha biyu fa. Ni da ake kira Barewa a tashar nan shekara goma sha shida. Na taɓa yin sa a tara da rabi, ina waiwaye ina tsokanar na baya.

Na jawo kambas ɗina daga ƙarƙashin gado, na tarar gizo-gizo ya tare a na hagu. Wata biyar ke nan rabona da su. Maman yara ta gan ni ina kakkaɓewa ta ce, "Yau za a fara?" Na ce gobe. Ta ce Allah ya kai mu.

Likita ce ta ce in riƙa rubuta abin da na yi kowace rana da yadda na ji. Na ce mata ni ba marubuci ba ne. Ga shi dai ina yi, a ragowar littafin makarantar 'yata Auta.

Talata, 6:50 na safe

Na je filin ƙwallon da ke bayan layinmu. Na yi zagaye ɗaya da rabi.

Ƙafa ba ta ce komai ba. Kafaɗar da ta ƙone ma ba ta dame ni ba. Amma ina fara haki sai abin ya taso. Ƙirjina ya matse, gefen idanuna ya fara duhu, na ji ɗanɗanon hayaƙin nan a maƙogwaro. Na yi abin da aka koya mana in muna cikin hayaƙi da tukunyar iska a baya: ka shaƙa kaɗan, ka riƙe, ka ƙirga uku, ka saki a hankali. Da shi nake fita daga kowane irin hali. Yau bai fitar da ni ba. Sai ganina na yi durƙushe jikin ƙarfen raga.

Wani tsoho mai yawo da sanda ya tsaya ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce igiyar takalmi nake ɗaurewa.

Laraba, 6:30 na safe

Ban fita ba.

Alhamis, 6:55 na safe

Zagaye biyu. Abin ya dawo a daidai wurin da ya zo shekaranjiya. Na dawo gida da ƙafa, kuma sai da na zauna a bakin kwalbati na huta don kada Maman yara ta ga na dawo da wuri.

Juma'a, 4:20 na yamma

Na koma wurin likita. Ta sa na hura cikin bututun nan nata har sau uku, ta saurari bayana, ta ɗaga hoton ƙirjina na watan jiya ta nuna mini. Wai huhuna fes, zuciyata ta fi ta wasu 'yan shekara talatin.

Na ce, "Likita, to me ke shaƙe ni?"

Ta ajiye biro ta ce, "Kana barci?"

Na ce ina yi. Ta ce ko ina so ta haɗa ni da wanda zan zauna mu yi magana kan ranar gobarar da ta ƙone ni. Raina ya ɓaci. Na ce mata gudu na zo tambaya, ba hira ba. Ta rubuta lambar a bayan katina duk da haka. Yanzu da na huce ina jin kunyar yadda na ɗaga mata murya, matar nan ba ta yi mini komai ba.

In huhun lafiya yake, to abin yana wani wuri ne da hoto ba ya nunawa. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Lahadi, 2:00 na rana

Matar Tsito ta kira sau biyu. Na bar wayar tana ta ruri a kan firji.

Tsito shi ne abokin shigata. A aikinmu ba a shiga wuta mutum ɗaya, shi kuwa shekara tara yana bayana, hannunsa a kafaɗata. Ƙato ne, sai ya karkace yake shiga ƙofar mota, shi ya sa muka sa masa Tsito. An sallame shi daga asibiti wata biyu da suka wuce. Gidansa bai fi tafiyar minti ashirin a mota ba.

Ban je ba tukuna. Zan je.

Talata, 7:05 na safe

Zagaye biyu da kwata. Na sayi agogon hannu mai ƙirga lokaci, na danna shi, na manta ban tsayar ba. Da na duba a gida yana cewa minti hamsin da ɗaya. Auta ta leƙa ta ce, "Baba, a haka ko Kaka za ta tsere maka." Na yi dariya don ta gani.

Na auna kaina a sikelin kantin magani. Kilo tara na ƙara. Wandon aikina ya ƙi rufuwa.

Alhamis, 5:40 na yamma

Na biya tasha don in kai takardar likita. Da na sani na aika.

Suna wanke mota ta farko a tsakar gida. Baba Direba ya rungume ni, ya daki tumbina ya ce, "Barewa ta zama saniya!" Kowa ya kwashe da dariya, ni ma na yi. Na ji daɗin ganinsu, wallahi na ji. Sai wani ya buɗe tukunyar iska a ɗakin kaya don gwaji, ta yi wannan tsakin nata. Ban san lokacin da na kama ƙarfen ƙofa ba.

Oga ya gani. Ya kira ni ofis ya rufe ƙofa.

"Barewa, ɗakin waya ba abin kunya ba ne. Ba wanda zai ce maka komai."

Na ce, "Oga, zan yi gudun."

"Ba sai ka yi don kowa ba."

"Zan yi."

Ina fita na leƙa ɗakin wayar. Taga ɗaya ce, kuma tana kallon ƙofar da motoci ke fita. Duk kiran da ka ɗauka, kana zaune za ka ga sun wuce ka. Ba zan iya ba. Amma wancan ɗin ma ban san ko zan iya ba.

Asabar, 6:45 na safe

Saura mako uku cif. Zagaye biyu. Na durƙusa.

Lahadi, 6:40 na safe

Biyu.

Litinin, 11:30 na safe

Maman yara ta ƙona albasa a kicin. Abu kaɗan ne, ta tafi amsa sallama ta bar kasko a wuta. Ni ina falo. Abin da na sani kawai shi ne na tsinci kaina a waje, ƙafa ba takalmi, ina riƙe da Auta a hannu ɗaya kamar jaka, yarinya mai shekara sha ɗaya. Maƙwabta suna leƙe.

Muka koma ciki. Can Maman yara ta zauna kusa da ni ta ce, "Baban Auta, wata biyar ban tambaye ka ba. Me ya faru a sito ɗin katifun nan?"

Na ce ai an rubuta rahoto.

Ta ce, "Ba rahoto na aura ba."

Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo.

An rubuta rahoton, kuma ba ƙarya a ciki. Rufi ya rufto, hanya ta toshe, ni da Tsito muka maƙale a ciki minti goma sha huɗu. An rubuta wanda ya fito da ƙafarsa da wanda aka jawo. Akwai layi ɗaya a shafi na uku inda ake rubuta abin da mitar tukunyar kowa ta nuna da aka fito. Na Tsito sifiri. Nawa ba zan rubuta shi a nan ba.

Laraba, 6:35 na safe

Na sa kaya, na kai bakin ƙofa, na dawo. Matar Tsito ta turo saƙo: "Yana tambayarka." Na goge.

Juma'a, 9:10 na safe

Bari in rubuta tun ban manta yadda Tsito ya faɗa ba.

Ina zagaye na biyu na hangi wata ƙaramar mota ta tsaya jikin wayar da ta kewaye filin, gilashin gaba a sauke. Ban kula ba. Abin ya taso, na shaƙa, na riƙe, na ƙirga, na durƙusa inda na saba. Sai aka danna hon.

Matar Tsito ce a sitiyari. Shi yana gefe, siririn tiyo a hancinsa, tukunyar asibiti tsakanin ƙafafunsa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Maman yara ce ta gaya musu inda nake zuwa da lokacin. Da akwai ƙarfi a ƙafata da na gudu, kuma ina jin da ranar na ci gwajin.

Matar ta ce, "Ina kwana, Yaya. Tunda ka ƙi zuwa mun zo." Ta fita ta koma can gindin bishiya ta ba mu wuri.

Yanzu magana guntu-guntu yake yi, yana hutawa a tsakani.

"Barewa. Ka yi ƙiba."

Na ce, "Kai kuma sunanka ya bi ka."

Ya yi dariya ta zame masa tari. Na tsaya ina kallon tayar mota har ya lafa.

Ya ce, "Sake zagayawa. In gani."

Na ce na gaji. Ya ce bai sha wahalar saukowa daga bene don ya kalli ciyawa ba. Na sake zagayawa. Ina zuwa daidai motar ya ɗaga hannu.

"Buɗe bakinka."

"Me?"

"Bakinka a rufe yake. Kana ƙirgawa. Tun daga can na ga kafaɗarka. Shekara tara ina bayanta." Ya huta. "Wa kake tara wa iskar? Ba tukunya a bayanka. Fili ne. Ta Allah ce, ba ta ƙarewa."

Wallahi na zaci sai abin ya taso nake yi. Ashe tun takun farko nake yi. Mutum yana gudu yana hana kansa numfashi, ina zai kai?

Na ce, "Tsito, ranar nan..."

Ya ce, "Na karanta shafi na uku."

Na kasa ɗago kai.

"Ni ƙato ne. Kullum tawa ke fara ƙarewa. Ka sani, na sani." Ya huta, ya daɗe. "Da taka ta ƙare tare da tawa, wa zai jawo ni? Matata?"

Akwai minti biyu ko uku a cikin sha huɗun nan da bai sani ba, don a lokacin ba ya cikin hayyacinsa. Ni na san su. Ko rahoton bai san su ba.

Da za su tafi ya ce, "Ka riƙa magana kana gudu. Mai magana ba ya riƙe numfashi."

Na ce in ce me?

"Kayan mota. Akwati-akwati. Kamar ranar dubawa."

Asabar, 7:20 na safe

Saura mako biyu. Na gwada.

Duk fitar numfashi, kaya ɗaya. Akwatin farko na hagu: mesa huɗu, kan mesa biyu, mabuɗin famfon titi, marabar ruwa. Na biyu: gatari, guduma, almakashin ƙarfe, igiya. Ina faɗa da ƙarfi. Mata biyu masu tafiyar motsa jiki suka matsa can gefe suna kallona. Tsohon nan mai sanda ya ce, "Malam, yau kuma talla ake?"

Zagaye huɗu ban durƙusa ba. Abin ya zo a na uku, ya tsaya a maƙogwaro, na ce "gatari" da ƙarfi har tsuntsaye suka tashi daga kan raga. Ya koma.

Na zauna a bakin fili na yi kuka. Ban san na murna ba ne ko na mene ne.

Litinin, 7:00 na safe

Shida. Minti sha biyar da daƙiƙa arba'in. Sharaɓata kamar an daka.

Laraba, 7:10 na safe

Sha huɗu da ashirin. Na gane ina fara zagayen farko da saurin Barewar da, sai in mutu a na huɗu. Gobe zan fara a hankali ko da kunya za ta kashe ni.

Na kira Tsito na gaya masa lokacin. Ya ce matarsa tana yin haka da takalmi mai tsini.

Juma'a, 3:30 na rana

Na kira lambar da likita ta rubuta a bayan kati. An ba ni ranar Talata. Ban gaya wa kowa ba. Ban san ko zan je ba.

Lahadi, 6:50 na safe

Sha uku da biyar. Saura kwana shida, kuma minti guda da ɗoriya ya tsaya mini a wuya. A da minti guda ba komai ba ne a wurina, kyauta nake ba mutane shi.

Talata, 1:15 na rana

Na je. Mutum ne mai sanƙo, ba ya katse magana, har shirunsa ya ishe ni. Na gaya masa minti biyun nan. Na gaya masa inda hannuna yake da inda ya kamata ya kasance, da yadda na fara nufar hanyar fita ni kaɗai kafin in juyo wurin Tsito. Shi ne mutum na farko da ya ji. Bai ce ba laifina ba ne, bai ce laifina ne ba. Ya ce, "Amma ka juyo." Na ce na juyo. Ya ce in dawo mako mai zuwa.

Na fito jikina a mace. Na kasa cin abincin rana.

Laraba, 7:05 na safe

Sha biyu da ashirin da biyar.

Alhamis, 6:30 na safe

Hutu. Tsito ya ce in na yi gudu yau zai zo ya zauna a kaina.

Juma'a, 5:50 na yamma

Maman yara ta wanke kambas ɗin ta shanya a kan katanga ba tare da na ce ba. Ta ce, "In ka ci mun gode Allah, in ba ka ci ba ma kana gida." Ta faɗi na biyun da wata irin murya. Sai yau na lura ashe ita tebur ɗin take so mini, kuma duk makonnin nan ita ke tashina da asuba.

Gobe ne gwajin. Sau huɗu ina shiga banɗaki.

Asabar, 12:40 na rana

Sha ɗaya da hamsin da ɗaya.

Mu uku aka gwada, sauran biyun na girme su da shekara goma-goma. Oga yana riƙe da agogo, 'yan aikin safe sun jeru a bakin fili. Na fara a hankali, aka bar ni a baya. Na ji wani ya ce, "Wayyo Barewa." A zagaye na biyu na fara jero kayana. Da farko dariya suka yi. Da na zo akwati na uku na ce "fitila biyu," sai Baba Direba ya daka tsawa, "Uku! An ƙaro ɗaya!" Daga nan duk abin da na faɗa sai su amsa da na gaba. A na biyar abin ya zo da ƙarfinsa duka, duhu ya rufo ta gefe, na ji ɗanɗanon. Na rasa a wane akwati nake. Suka ci gaba da faɗa mini, ni dai bakina a buɗe.

Oga ya danna agogo ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Litinin, aikin safe. Mota ta farko."

Aka yi ta dukan bayana. Na zame na zagaya bayan ɗakin kaya na yi amai. Ina tsugune a wurin na gane wani abu da ban so ba: duk makonnin nan akwai wani sashe na zuciyata da ke addu'ar in faɗi. Da na faɗi da ba wanda zai ce na ji tsoro, sai a ce ƙafa ce ta gaza. Yanzu ƙafa ta fita daga zargi.

Na kira Tsito. Na gaya masa lokacin, sannan na gaya masa wannan ma.

Ina jin tukunyarsa tana huci. Ya ce, "Ni kullum da tsoro nake shiga. Shekara tara. Ka zaci don ƙauna nake riƙe kafaɗarka?"

Lahadi, 4:00 na yamma

Na goge kaya. Wandon ya rufu, da ƙyar.

Litinin, 5:25 na yamma

Ƙararrawa ta buga sha ɗaya da kwata. Ban san lokacin da na zura takalma ba. A mota gwiwata ta hagu ta kama rawa, ta ƙi tsayawa. Wanda aka ba kujerar Tsito, wani shiru-shiru da aka maido daga wata tashar, ya ɗora hannu ya danne ta har muka isa, yana kallon taga.

Kicin ɗin wani gidan abinci ne, hayaƙi har ƙasa, kuma ana cewa mai wanke-wanke ba ta fito ba. Oga ya juyo daga kujerar gaba ya kalle ni.

"Barewa. Kai, ko in sa wani?"

Ina jin tsoro a lokacin, kuma ina jin sa yanzu da nake rubutun nan.

Na ce, "Ni."

Muka same ta a bayan firji, ta rufe fuska da tsumma jiƙaƙƙe. Tana asibiti, an ce za ta tashi.

Gobe ma aikin safe nake.